Maɓalli a Bakin Aku

Daren Laraba, Kilomita Biyar

Tun da sojoji suka yi bore na mai da akuna madafa, don ƙarar harbi na sa shi fige gashinsa. Ashe inda maigidana Baban Amina ya binne kakin ƙanensa Sale, da ya gudo daga bariki, nan ƙasa ta yi masa taushi.

Da la'asar maƙwabciyata Maman Zara ta shigo ɗibar wuta, sai ga shi yana tono kamar kaza, maɓallin soja a bakinsa. Na taka ramin, na ce, "Haka yake yi in zama ya ishe shi, Yaya."

Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ki zuba masa yashi a kwano, ki binne gyaɗa a ciki." Ta fita ba ta ɗebi wutar ba.

Na yi yadda ta ce, na kife turmi kan ramin, ya koma tonon yashinsa. Amma ɗanta na cikin masu bi gida-gida neman waɗanda suka gudu. Ya Allah, na share madafar nan kaf, ban ga maɓallin ba.