Da Mun Yi Magana

Zuwa ga sanyin idona, raɓar asubata, inuwar da matafiyi ke hange tun daga nesa, ma'abociyar kujerar da ke daura da taga.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya da iyalinsa baki ɗaya. Ina neman afuwa tun kafin idonki ya gangara ƙasa, domin na faɗo miki ba sallama, kina tsakar haɗa kaya da bankwana da 'yan uwa. Kada rubutun ya zame miki baƙo. Ni ne abokin bitarki na ajin Faransanci, wanda 'yan aji ke kira Mai Jan Biro saboda aikina na gyaran kurakurai a maɗaba'a.

Ko da yake, in za a bi gaskiya, baƙon ne. Tun ranar da malaminmu, wanda muka laƙaba wa Malam Ankor saboda yawan cewa encore, wato a sake, ya raba mu bibbiyu ya zaunar da ni kusa da ke, ba ki taɓa jin muryata ta ainihi ba, in ban da sau ɗaya. Kin san dokarsa: da zarar an tsallake bakin ƙofa, babu Hausa. Wanda bakinsa ya kuɓuce, shi zai goge allo, ya kwashe bencina ya mayar ɗakin ajiya bayan an tashi, ko da furfura ta cika masa gemu. A ƙofar waje kuma motar Yaya tana jiranki, inji a kunne. To, a ina zan same ki? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina auna baituka, ina tankaɗe kalma kamar mai tankaɗe gari, sai ga ni a gabanki ina tatata irin ta ɗan yaye, ina shaida miki cewa biro yana kan tebur, kuma yau ana rana. Ke kuwa ki amsa cikin ladabi cewa lalle ana rana. Wayyo ni! Kogi ne cike a ƙirjina, aka ce in shayar da ke da cokali.

Amma cokalin ma na gode masa. Da shi na san yadda kike shigowa aji kai tsaye daga ɗakin haihuwa, gajiya a idonki, ƙamshin sabulun asibiti a hannunki, ki zauna ki buɗe littafi kamar ba ke ce kika wuni a tsaye ba. Na san yadda kike ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa, bugu ɗaya ga kowane mutum: ni, kai, shi, mu, ku, su. Na san yadda girarki ke haɗuwa idan harafin r ɗin nan na maƙogwaro ya ƙi fita, da yadda take warwarewa in ya fita, kamar hadari ya yaye wata ya bayyana. Ni aikin Faransanci ne ya fara shigowa maɗaba'armu, maigida ya turo ni koyo. Ke kuwa tura ki za a yi inda mata masu naƙuda ba sa jin wani harshe sai shi. Na san haka tun farko, ya ke hasken gidana da bai riga ya shigo ba, amma ban lissafa ba. Duk kalmar da na taya ki haddacewa, ashe igiyar akwatinki nake ɗaurewa da hannuna.

Sai ranar darasin ƙarshe. Na ƙudurta cewa ana tashi zan riga ki fita, in gai da Yaya ta tagar mota, in roƙe shi ya kashe inji na ɗan lokaci. Na sa farar rigata wadda ba na sawa sai da dalili. 'Yata ta bi ni da kallo har zaure, tana tambaya ko shi wannan turaren ma yana cikin abin da ake bita.

Kin tuna abin da Malam Ankor ya rubuta a allo: yadda ake sarrafa aikatau idan ana maganar abin da ya so faruwa a baya amma bai faru ba. Ya ce wannan shi ne lokacin masu cizon yatsa. Direban babbar mota, gwanin kwasar bencina na ajinmu, ya raɗa wa wani ɗan ajinmu mai shagon magani cewa shi ba ya bukatar darasin, domin uwargidansa tana karanta masa shi kowace safiya: da ka ji maganata, da ka dawo da wuri. Allah ya rufa masa asiri malam bai ji ba. Ni ne Allah bai rufa wa ba.

Aka kira ni gaban allo, aka ba ni kalmar parler, wato yin magana. Na fara lafiya lau. J'aurais parlé, da na yi magana. Tu aurais parlé, da kin yi magana. Il aurait parlé, da ya yi magana. Ina jin ɗan yatsanki yana bi na a kan tebur. Da na iso nous aurions parlé, da mun yi magana, sai na yi kuskuren ɗaga ido. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya kwanta a gefen fuskarki, na tuna cewa wani mako wannan kujera ba kowa a kanta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe da harshen da na sha a nono ba:

Da mun yi zance da zuciya ta sami kwana,
Da hadari bai wuce ya bar ƙishi a gona.

Malam Ankor ya cire tabarau ya goge, ya faɗa da Faransanci cewa baitin ya hau ma'auni, amma doka doka ce, ya miƙo mini tsumman allo. Direba ya tashi zai kama mini, yana nuni da hannu cewa wannan sana'arsa ce, malam ya nuna masa ƙofa. Haka na yi ta jigila tsakanin aji da ɗakin ajiya, benci a kafaɗa, alli ya yi wa rigar fari a kan fari, gwiwoyina suna tuna mini shekaruna. Ta ƙaramar tagar ɗakin ajiya na hangi bayan motar Yaya tana shan kwana. Na tsaya riƙe da benci har ta ɓace.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni tun daga ranar. Sa'ad da na yi baitin, ɗan yatsanki ya tsaya cak, kika sunkuyar da kai, kika ja mayafi. Fushi ne? Kunya ce ta wadda aka tona a gaban mutane? Ko kuwa wani abu ne wanda ba ni da ƙarfin halin ambatonsa? Na juya wannan sunkuyawa ta kowace fuska, ni da aikina ke nan gano abin da ya ɓoye tsakanin layuka, na kasa karanta ta. Idan na kunyata ki, ki yafe mini. Wallahi ban shirya ba, ambaliya ce ta ci ƙarfin madatsa.

Yanzu ga maganar da na so yi a tagar mota, ba ado. Ni magidanci ne wanda Allah ya karɓi matarsa shekarun baya. 'Ya ɗaya gare ni, ta girma, tana gab da kama gabanta. Ina da gida madaidaici, da bishiyar lemo a tsakar gida wadda ke zubar da 'ya'ya ba mai tsinta, da ɗaki cike da littattafai waɗanda ba sa amsa sallama. Ina son ki, so na mutumin da ya san abin da rashi yake. Aure nake nufi. Ba zan ce ki fasa tafiya ba, Allah ya kiyaye. Akwai matan da ke jiran hannunki, kuma ba zan fara zama da ke ta hanyar raba ki da abin da kika yi wa wahala ba. In jira ne, zan jira kamar yadda ƙasa ke jiran ruwan farko, tana tsagewa amma ba ta tashi daga wurinta. In biyo ki ne, duk inda ake buga takarda ana yin kuskure, mai jan biro ba zai rasa abin yi ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne izininki in turo babban wana wurin Yaya kafin ƙarshen watan nan da za ki tashi. Idan kika tafi ba a yi wannan ba, na san yadda nisa yake yi wa maganar da ba ta da tushe: sai ta koma gaisuwa, gaisuwar ta koma shiru.

Ya ke tauraruwar da ke fitowa sa'ad da sauran suka gaji, na riga na je wurin wan nawa. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya, ya ce ashe tsohon itace ma yana toho, sannan ya tambaye ni wace ce. Na ce masa sunan ba nawa ba ne da zan bayar, sai mai shi ta yarda. Ya ce to, shi dai ya sa a wanke masa rigar fita, in gaggauta kafin ta sake yin ƙura.

Saboda haka ina roƙonki, don girman Allah, ki rubuto mini amsa da hannunki, kuma kada ta daɗe. Ki bar ta wurin mai gadin makaranta, kullum ina bi ta ƙofarsa in na tashi aiki. Ko layi ɗaya ne ya ishe ni. In a'a ce, zan karɓa da hannu biyu, sunanki kuma ba zai taɓa fita daga bakina ba sai a cikin addu'a. In kuwa i ce, ki faɗa mini ranar da Yaya yake gida.

Naki, wanda zuciyarsa ba za ta sauya masauki ba muddin yana numfashi,
Mai Jan Biro