Maganin Barci Daga Zing

Mayo Gwoi, Jalingo.

Zuwa ga abokina Barnabas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Maman Precious da jikoki kuna lafiya, doya kuma ta yi kyau bana. Na koma takarda ne saboda kunnenka ya hana mu waya. Ina magana kana "iye? iye?" har in gaji. Direban motar Zing zai miƙa maka wannan.

Ka aiko ana tambayar 'yata Rauda dalilin da ya sa ba a ganina. Tun rasuwar Aisatu ban koma daidai ba. Ni da muka yi shekaru tare a ofishin dabbobi, ka san ba na iya zama wuri ɗaya, yanzu ko kasuwar shanu ba na sha'awar leƙawa. Abinci ba ɗanɗano. Rauda ta matsa ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ji kunya, amma na je. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, ya sa ni kan wata ƙwaya, fuloksetin, kullum da safe. Wata na uku ke nan. Nauyin ƙirjin ya ɗan ragu, barci ne dai ya ƙi sam.

Amma ka sani ban sallama ba. Sai na tashi.

Naka,
Hammanjoda.

*

Zing.

Malam Hammanjoda, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Takardarka ta zo ina gona, na zauna a kan kunya na karanta, na yi hawaye. Aisatu ta ciyar da ni tuwo lokacin da ba ni da kowa a Jalingo. Allah ya ba ta hutu.

Maganar barci kuwa, ka bar mini. Shekarun baya ƙafata tana zafi kamar an sa garwashi, wani likita ya rubuta mini amitiriftilin. Ƙafa ta yi sanyi, barci kuma kamar jariri. Tun daga nan kemis nake saya, ban sake komawa asibiti ba. Mai kemis ma ya ce asalinsa maganin damuwa ne. To ka ga, naka na safe, nawa na yamma, su haɗu su yi aiki biyu. Ga kati biyu na sa a cikin buhun doyar da na aiko maka. Ni biyu nake sha, kai da ka fi ni jiki ka sha uku.

Ka gaida Rauda. Ka ci doyar nan, ba na son jin wai ba ɗanɗano.

Abokinka har abada,
Barnabas.

*

Jalingo.

Baba Barnabas,

Ina gaisuwa, ina gaida Mama. Ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, raina a ɓace yake.

Baffa, abokinka, yana asibiti. Ranar Juma'a ya ɗago daga sujada a masallaci, jiri ya kwashe shi, ya faɗi, goshinsa ya fashe. Kafin nan ya yi kwanaki bakinsa na bushewa, fitsari na yi masa wuya, hannunsa na rawa, bai gaya wa kowa ba. Da muka kai shi zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito. Ya kalle ni ya kira ni da sunan Inna.

Likita ya yi ta tambaya ko akwai wani abin da yake sha. Sai da hankalinsa ya dawo ya ce, "Akwai na Barnabas." Likita ya ce ƙwayar safen tana hana hanta narkar da irin taka, sai ta taru a jini, ukun da yake sha su zama kamar ya sha ninkinsu sau da yawa. A shekarun Baffa, zuciya tana iya tsayawa.

Baba, ku da kuka yi rayuwarku kuna duba girman saniya kafin ku ja mata allura, yaya za ka aiko wa mutum ƙwaya a buhun doya?

Ni dai na yanke: in an sallame shi, ya gama da waɗannan magunguna duka. Na rasa uwa, ba zan rasa uba ba. Don Allah kada ka sake aiko masa da komai.

'Yarka,
Rauda.

*

Mayo Gwoi.

Barnabas,

Jam na, kana lafiya? Ina gida, goshi da tabon ɗinki, amma da sauƙi. Direba ya ce kullum in ya tambaye ka ko akwai saƙo, sai ka girgiza kai ka juya. Rauda ta gaya mini abin da ta rubuta maka. Tsoro ne ya yi magana. Kai ka aiko, amma ni na buɗe baki na haɗiye, na kuma ɓoye wa likitana. In za a yi faɗa, a yi mana tare.

Mun yi namu rikicin da ita. Ta kwashe magunguna ta kulle a durowarta. Na ce, "Rauda, kin manta watannin da nake zaune ina kallon bango? Ba ki san abin da nake roƙon Allah a lokacin ba. Roƙonsa nake ya ɗauke ni." Ta yi kuka, ni ma na yi. Na ce wancan halin ba zan koma cikinsa ba, ko da zan riƙa zuwa asibiti da rarrafe.

Muka je asibiti tare. Na tambayi likita kai tsaye: haɗa irin waɗannan biyun haramun ne? Ya ce a'a, wani lokaci su da kansu suna haɗawa idan guda ɗaya ta kasa, amma ba kowa yake amfana ba, kuma ba a yi da ka. Sai an gwada bugun zuciya, a fara da ɗan mitsitsi, a riƙa duba mutum. Ya ce ko an daina fuloksetin tana yin makonni a jiki, don haka ya sa na jira. Yanzu ya mayar da ni kan wata ƙwayar, satiralin, wadda ba ta cika riƙe irin taka a jini ba. Da gwajin zuciya ya yi kyau, ya ƙara mini 'yar ƙaramar ƙwaya daga dangin taka, ko rabin guda ɗaya taka ba ta kai ba. Ya ce in jiri ko wahalar fitsari ta dawo, a cire ta nan take. Rauda ce ke ba ni da hannunta, tana auna mini jini, fuska a murtuke.

Ban ce na warke ba. Wata safiyar har yanzu da nauyi. Amma ina barci, kuma jiya na ji yunwa har na nemi ƙari.

Yanzu saura kai. Na gaya wa likita yadda kake sha shekara da shekaru ba mai duba ka. Ya riƙe baki. Ya ce kada ka daina farat ɗaya, amma lallai ka zo a gwada zuciyarka. Ranar Talata zan koma, na ce masa mu biyu ne. In ba ka zo ba, zan hau mota da tabon goshina in zo Zing in ɗauko ka a gaban jikokinka. Ka san ni.

Ina jira,
Hammanjoda.

*

Zing.

Malam,

Na gaishe ka. Na ɗauki biro sau da yawa, kunya ta hana ni.

Zan shigo motar farko ranar Talata, da sauran ƙwayoyin a aljihu in nuna wa likita. Ka ce wa Rauda sauran faɗan da ke bakinta ta ajiye mini. Ta ɗaga murya sosai don in ji duka. Zan tsaya har ta gama.

Naka,
Barnabas.