Ciyayyar Ƙofar Gida Za Ta Kashe Mani Miji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai dabara ta ƙare mani.

Ni matar aure ce a Ƙofar Sauri nan Katsina, maigidana yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Bayan ƙaramar sallah ya fara kukan nauyin ƙirji, da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti, aka auna jini aka ce kolestarol ɗinshi ya hau sosai, wato kitse ya yi yawa a jini. Likita ya rubuta magani, shi kuwa ya kafe ba zai sha ba, wai ya ji in ka fara sai ranar da ka mutu. Ni uwar iyawa na shiga tsakani, na roƙi likita ya bari mu gwada da abinci tukuna, ai ni ke riƙe da tukunya. Bai so ba, amma ya ce mu dawo a sake awo.

Wallahi na yi iya yina. Na ɗauke man shanu, na daina suya, sai miyar kuɓewa ba mai, wake, zogale, gasasshen kifi, har yara na tsokanata wai gidanmu ya koma asibiti. Matsalar ita ce ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Layinmu ana ciyayya tun zamanin iyayensu, bayan Magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidanshi, a baje tabarma a ci tare. Ya yi mani alkawarin nawa kaɗai zai taɓa, ni kuma in na ga kwano ya dawo wayam sai in yi hamdala.

Muka koma awo, maimakon ya sauka sai ma ya ƙara hawa, na rasa inda zan sa fuskata. Ana cikin haka Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo da galan na man gyaɗa da kwalbar man shanu, ta rage murya ta ce in yi haƙuri, kasuwa haka take, kowa na shiga. Nan na gane komai. Ashe mazan layi da suka ga miyata ba maiƙo sun ɗauka arziki ne ya karye, sai kowa ya sa matarshi ta ƙara nama da mai, suna tura mashi gabanshi don tausayi, shi kuma kunya ta hana shi ƙi.

Ranar ni da maigida mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce ya faɗa masu gaskiya, ya ce namiji ba ya tallar ciwonshi. Na ce to ya daina fita, ya ce so nake a ce yana gaba da maƙwabta. Na ce ni zan faɗa wa matansu, ya rantse in na yi bai yafe ba. Maganin ma na sake kawo zancenshi, ya tuna mani cewa da bakina na ce abinci ya isa. Ƙarshe ya ce daga yau in koma girki kamar da, na gama zubar mashi da mutunci a layi.

Yayanshi yana kwance yanzu haka ɓarin jiki ya shanye, matarshi ke juya shi. Duk lokacin da na je dubiya mijina nake gani a kan katifar nan, in dawo gida in yi ta kuka. Tsoro nake ji, kuma na gaji.

In na zuba mai da hannuna nake cutar da shi, in ban zuba ba na maƙwabta zai ci ninki biyu. In tona asirinshi in ɗauki fushinshi, ko in yi shiru in zuba ido? Ga la'asar ta yi, ko tukunya ban ɗora ba, don ban san wace miya zan kaɗa ba. Ya zan yi?