Allon da Ya Yi Damina a Zaurenmu

Haɗejiya, watan Safar, 1957

Zuwa ga maigidana Umara,

Ga kacici-kacici tun kafin gaisuwa: ya shigo gida ƙarti huɗu suna nishi, ya fita mutum ɗaya ya ɗora shi a ka, kuma bai rame ba. In ka kasa, ka ba ni Kano.

Bayan haka, yaya jiki, yaya aikin asibiti? Ina fatan Saude da abin da ke cikinta suna lafiya. Ni ƙalau nake, sai dai mijina ya mance da cefanen tsohuwa.

Ka tuna allon nan mai kama da ƙyauren ɗaki da kuka bari a zaurenmu, ranar da ruwa ya tare motarku ta hoton ƙirji a hanyar Guri? Kai ka ce mini a bayansa kake ɓuya in an kunna injin, don akwai wani haske da ido ba ya gani, yana ratsa nama da katako, a hankali ya ɓata jinin mutum. Ka ce farantin dalma da ke cikinsa ne ke tare shi. Na yi dariya a lokacin, amma na riƙe maganar.

Jiya masinjanku ya zo ya tafi da shi tashar Malam Madori. Yadda ya ɗauke shi bai kwanta mini ba. Ga shi kuma baffanka Gambo ya yi sabon birgi, yana jefawa yana nutsewa tun kafin kifi ya farga. Mutumin da duk bara yake kukan ba shi da dalmar bakin birgi! Na tambaye shi, sai ya kama ba ni labarin tarwaɗa. Ɗana ne, ba na son in ɗora masa abin da ban gani ba. Amma kai dai ka ɗan ɗaga allon nan da hannunka kafin ka fake da shi.

Ka gaida Saude. Ni ce uwargidanka,
'Yar'azumi

Haɗejiya, watan Gani

Zuwa ga Umara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Takardarka ta iso. Ka ce allon na nan sumul da fentinsa, kullum kana bayansa, wai tsufa ne ke damuna. To, angona, tsohuwar ta bi sawu.

Na je bakin kogi na iske Gambo yana shanya birgi, na zauna a kan birgin, na ce ba zan tashi ba. Da ya ga masunta sun fara taruwa sai ya faɗi gaskiya: shi ya cire dalmar allon ya sa a bakin birginsa. Shi a ganinsa bai cuce ka ba. Wai tsarin yana cikin jan rubutun Turawa da ke jikin allon, kamar yadda ƙarfin laya yake a rubutu ba a fata ba, shi kuwa ko harafi bai taɓa ba. Har laya ya saka maka a ciki, ta wajen Malam Ibrahim, kafin ya mayar da ƙusoshin.

Na san in ka faɗa wa likitanku zai tambayi gidan da allon ya kwana, wataƙila aikin ya girgiza. Ka faɗa masa. Gara ka dawo mu ci karfasa da a ce Saude ta yi renon ɗa da mai jinya tare. Birgin yana ƙarƙashin gadona, gobe Gambo zai hau jirgin ƙasa ya kawo maka dalmar a buhu.

Allah ya tsare mini kai. Kakarka,
'Yar'azumi

Tunda ka kasa, Kano ta zama tawa. Amsar ita ce allon da kake tsayawa a bayansa. Babu dalma a cikinsa, tsohuwar tabarmata ce da laya ɗaya.