Maɗacin da Baba Ya Dasa a Lambun Tudu

Gwadabawa, Jimeta
Watan Maris, 1971

Zuwa ga Hamma Ishaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Adda Zulaihatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kowa ya koma kwana a tsakar gida. Mahaifiyarmu Dada ta warke daga tarin nan. Ƙafar Baba ma da sauƙi tun da likita ya ce ya riƙa tafiya kowace safiya, ni ce kuma 'yar rakiya, tunda kai ka gudu Zariya ka bar mu da shi.

Hamma, abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni kaina ban gama gane kansa ba, sai ka yi haƙuri da ni. Ka tuna Lambun Tudu, inda 'yar hanyar nan take hawa ta cikin duwatsu har ta kai inda ake hango Binuwai da jiragen fito masu zuwa Vinikilang? Nan muke hawa kullum. Yanzu an ce babu kuɗin kula da lambun. Masu ban ruwa an sallame su, ƙofar ta karye, awaki sun mai da wurin gidansu. Na tambaya a ofis ɗaya an ce lambun ba nasu ba ne tun da aka yi jihohi, na je wani an ce nasu ne amma ana jiran magana daga sama. Wallahi ban san wace sama ake nufi ba. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne, za a sare itatuwa a sayar.

Ka san shekarar da aka sami 'yancin kai iyaye sun dasa itatuwa a can, kowa da sunan ɗansa. To, sai aka turo wani saurayi ma'aikaci, Malam Ephraim, mutumin kirki ne, ya ce duk wanda ya dasa itace ya zo ya tsaya gindinsa, ya faɗi sunan wanda aka dasa wa, ya ɗauki alkawarin ban ruwa, sai a bar masa. Wanda ba a faɗi mai shi ba a shafa masa jan fenti. Ni dai murna na yi, don ban taɓa sanin Baba yana da itace a can ba sai ranar. Ashe babban maɗacin nan na bakin dutse, wanda kullum yake cewa a nan ƙafarsa ke gajiya mu zauna, naka ne. Ni kuwa duk watannin nan ina tausayin ƙafa!

Da Malam Ephraim ya tambaye shi na wane ne, sai Baba ya ce na yaron nan ne. Ya ce wane yaro, Baba ya ce wancan na Zariya. Ya ce suna yake so, Baba ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda. Kai ka fi ni sani, kai ne ɗan fari, tun da aka haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinsa ba, balle a gaban jama'a. Na yi maza na faɗa, Malam Ephraim ya ce shi bai ƙi ba, amma an umarce shi sai daga bakin wanda ya dasa, saboda wasu na zuwa su yi ƙaryar itace nasu ne su sare. Ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, kakansa ma haka ya fara mantuwa. Hamma, a gabansa Baba ya yarda a ɗauke shi tsohon da ya ruɗe, aka shafa jan fentin. Ni ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Na bi Malam Ephraim ofis in yi masa bayanin kunyar ɗan fari, aka ce an mayar da shi wani gari. Wanda ya gaje shi ya ce shi bai taɓa jin wata maganar faɗin suna ba. To wa ya kafa dokar? Oho. Dada ta ce in bar zancen, itace ne kawai, amma na ga tana share ido da bakin gyale.

Ranar Talata muna kaiwa saman tudu muka tarar da masu gatari. Sun riga sun kayar da dalbejiyoyin bakin hanya, wurin ya yi fayau har ban gane kwanar da muke bi ba. Baba ya wuce ni da sauri, mutumin da kullum nake riƙe masa hannu, ya dafa maɗacin ya ɗaga murya ya ce wannan na Ishaku ne, ɗansa Ishaku. Sau biyu ya faɗa. Ni ban taɓa ji ba sai ranar. Babban masu gatarin ya dube shi ya ce su 'yan kwangila ne, ba wanda ya ce su tambayi suna, jan fenti kawai suka sani. Amma ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ce wa yaransa su wuce na gaba, shi dai ba da hannunsa ba.

Maɗacin na nan tsaye, fentin ma na nan. An ce wasu masu gatarin za su zo bayan sallah, an kuma ce an fasa, ban san wanda zan gaskata ba. Baba kuwa tun ranar bai haɗa ido da kowa ba a gidan nan. Kullum da safe yana ɗaukar tulun ban ruwan maɗacin da kansa, ya hana ni karɓa, sai mun tsaya ya huta a kowane dutse kafin mu kai. Ina tsoron ƙafar nan, Hamma. Idan za ka iya samun hutu, ka zo.

Ka gaishe min da Adda Zulaihatu, da Aminatu, da ɗanka Hamman mai ƙiriniya. Dada da Goggo Azumi suna gaishe ku. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce shi ba shi da saƙon kowa. Sai da ya ga ina shirin ninke takarda ya juya baya, ya ce in rubuta wa wancan na Zariya cewa tulun ya fara yi masa nauyi.

Ƙanwarka mai kewarka,
Raliya