Inda Auta Ta Bar Fili

Litinin, 3 ga Maris
'Yata Auta ta sa min wasa a waya, wai ita ta haɗa shi a ajin kwamfuta. Rubutu ne zalla: ki karanta, ki zaɓa, labari ya bi zaɓinki. Jarumar mai tashi sama ce, sunanta Walƙiya, tana da 'ya ɗaya. Ranar Juma'a za a nuna wa iyaye. Ni kuwa ranar ina aiki a ɗakin haihuwa. Na gaya mata, ta ce ba komai.

Talata, 4 ga Maris
Yarinyar nan da shegantaka! Ɓarawo na gudu, ga mayafin jaruma ya maƙale a ƙofar bas: ki yaga ko ki bi bas ɗin har tasha? Na bi bas. Ina ta dariya har wata mai naƙuda ta harare ni.

Laraba, 5 ga Maris
Na lura da wani abu. Duk sanda Walƙiya ta zauna cin abinci da 'yarta sai ƙararrawar neman agaji ta buga. Zaɓi biyu: ki tafi, ko ki zauna. Sau shida ina tafiya, ban ko tsaya tunani ba. In ta dawo, 'yar ta ce, "Ba komai, Mama." Na bi ta kowace hanya ina neman inda 'yar za ta yi fushi. Babu.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau dai na danna "ki zauna", don in ga ƙwaƙwaf. Fari fat! Ko harafi ɗaya babu. Na ɗauka wayar ce, har da kashewa da kunnawa. Na sami Auta tana gugar kayan makaranta, na ce Auta, wasanki ya lalace. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Wai, "Bai lalace ba, Mama. Na rasa me zan rubuta ne. Ban san me ake cewa ba in an zauna."

Na ce to. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Wallahi abin ya sosa min rai.

Juma'a, 7 ga Maris
Na yi musanyen aiki da abokiyar aikina. Bayana ne ke ciwo, ba wani abu ba. Ina layin gaba a makarantarsu, Auta na bayanin wasanta, sai waya ta fara rawa a jaka, daga asibiti ne. Akwai ungozoma uku a can, na sani. Auta ta tsaya da magana, idonta a kan jakar. Na ce mata ci gaba, ina jin ki.