Ni na hana shi sayen maganin

Tanti Akisi, ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Shekararmu goma sha bakwai a birnin Lyon, nan Turai, ni da maigidana, Konan. A watan Agusta muka kai yara gida Buwake. Kafin tafiya ya je sayen ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya dawo ya ce na mu huɗu sun haura yuro ɗari biyu, kuma inshora ba ta biya. Dariya na yi masa, Tanti. Na ce ƙato da shi, haifaffen Buwake, zai ji tsoron sauro kamar Bature? Na yara kawai muka saya, ragowar kuɗin na yi wa dangi tsaraba.

Kwana tara da dawowarmu zazzaɓi ya rufe shi. Na ce mura ce, na yi ta ɗura masa farasitamol har kwana huɗu, sai da ya daina gane ni. Yau kwanansa goma sha tara a asibiti bai farfaɗo ba, an ce zazzaɓin cizon sauro ne, inji ke wanke masa jini. An ce kuɗin kwana ɗaya a ɗakin da yake kwance ya fi albashina na wata, ban ma san nawa zai faɗo kanmu ba. Ba wannan ke cina ba. Duk sanda na zauna gefensa, dariyar nan tawa nake ji a cikin ƙarar injin.

Ga surukata can gida ta dage jifansa aka yi, ta ɗora wa ƙaninsa Kwaku, don sun yi sa-in-sa kan gonar kashu. Har an daina cin abinci da shi. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru. In na faɗa, da wane ido za su dube ni?

Mai nadama, Lyon

'Yata, sannu. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Kuskuren nan ya kwantar da namu da yawa. Jikin da ya saba da sauro yakan rasa sabon in ya daɗe a Turai. Konan ma ba yaro ba ne, ya biye miki. Wannan rashin sani ne, kuma na ku biyu.

Shirun kuwa da saninki kike yin sa. Na san za ki sha maganganu, wasu masu zafi, amma a yanzu wani ke shan su a madadinki. Ki roƙi likita ya rubuta miki sunan cutar, ki kira surukarki yau ki faɗa mata komai da bakinki, sannan ki nemi gafarar Kwaku. Batun kuɗi, ki tambayi ofishin taimakon marasa lafiya na asibitin.

Konan zai farka, in Allah ya yarda, kuma zai tambayi ƙaninsa. Kada ya tarar an raba su kina kallo. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin ɗaga wayar.

Tanti Akisi